Yusuf Latif da Sarewar Fulani: Abin da Gwanin Jaz Ya Zo Nema a Zariya

Laccar da aka gabatar a Khaddamari, Ƙaramar Hukumar Jere, Jihar Borno



  

Maganata ta yau a kan wani baƙar fatar Amurka ce, mabushi kuma mai tsara kiɗa, wanda ake rubuta sunansa Yusef Lateef a jikin faya-fayansa, mu kuwa za mu kira shi Yusuf Latif. A shekarar 1981, yana da shekara sittin a duniya, sunansa ya riga ya zagaya Amurka da Turai, sai ya tattara ya sauka a Zariya. Shekara huɗu ya yi a can yana nazarin sarewa, wannan dai da yaron Fulani ke busawa a bayan shanu. Me ya ji a cikinta da mu masu ita ba mu tsaya mun ji ba? Tambayar da nake so mu bi ke nan.

Wata magana kafin in shiga. Hukuncin kiɗa a addini fage ne na malamai, sun yi bayani a kai, kuma ga su nan zaune. Ni tarihin wani mutum da tarihin wata sana'a na kawo muku.

Na ɗaya: mutumin da bai daina zama ɗalibi ba

An haife shi ranar 9 ga Oktoba, 1920, a garin Chattanooga na jihar Tennessee a kudancin Amurka, aka raɗa masa suna William. A 1925 iyayensa suka zauna a Detroit, birnin masana'antun mota. Zamanin ne baƙaƙen fata ke barin kudu, inda wariyar launi ta fi tsanani, suna kwarara arewa neman aikin masana'anta. Unguwanninsu na Detroit sun yi ta yaye gwanayen kiɗa irin su Milt Jackson da Barry Harris da Tommy Flanagan da Kenny Burrell, a cikinsu ya taso. Tun yana makarantar sakandare ya kama saksafon, wani abin busa na tagulla mai lanƙwasasshen baki, kuma a 1949 ya kai matsayin da Dizzy Gillespie, ɗaya daga cikin manyan jaz na lokacin, ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa. A wannan tsakanin ne ya karɓi Musulunci ta hannun 'yan Ahmadiyya, waɗanda ke wa'azi a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka a wancan lokaci, ya ɗauki suna Yusuf Abdullatif.

Ku duba abin da ya biyo baya, musamman ku ɗalibai. Wanda ya yi busa da Gillespie ya isa ya ce ya gama koyo. Shi kuwa a 1950 ya koma Detroit ya shiga Jami'ar Wayne, yana koyon tsara kiɗa da busa sarewar Turawa. Ya sami digirin farko a 1969 a makarantar kiɗa ta Manhattan, na biyu a 1970, sannan a 1975 ya kammala digirin dakta a fannin ilimi a Jami'ar Massachusetts, yana da shekara hamsin da ɗoriya. A kan me ya rubuta kundinsa? A kan tsarin ilimin Turawa da tsarin ilimin Musulunci. Idan kun riƙe wannan hali nasa, zuwansa Zariya ba zai ba ku mamaki ba.

Na biyu: mene ne jaz, kuma ina ya haɗu da namu?

Jaz ya tsiro ne a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Tsarinsa ba wuya a fahimce shi. Makaɗa za su fara da karin da kowa ya sani. Daga nan sai mai ganga da mai fiyano da mai babbar garayar nan ta Turawa su riƙe ginshiƙin kiɗan, mabushi ɗaya ya fito ya ƙaga sabon kari nan take a kan wannan ginshiƙi. In ya gama wani ya karɓa. Abin da ya busa yau ba shi zai busa gobe ba, ko da waƙar ɗaya ce.

Wannan baƙo ne a kunnenku? Ku tuna Alhaji Mamman Shata. Masu kalangu sun riƙe kiɗa, 'yan amshi sun riƙe amshi ba ya sauyawa, shi kuma Shata yana tsaye yana zuba baitoci daga ka, yana duban wanda ya shigo fili ya saka shi a ciki. Wanda ya saurari waƙa ɗaya ta Shata a kaset biyu da aka ɗauka a wurare biyu ya san ba su taɓa zama daidai. Abin da Turawa suka zauna suka rubuta littattafai a kansa game da jaz, gwanayenmu sun daɗe suna yin sa a ƙofar fada da wajen biki.

Zumuntar ta wuce nan. Jaz ya sha nono ne daga wani tsohon salon waƙa na baƙaƙen fatar kudancin Amurka da ake kira buluz, waƙar mutum ɗaya da abin kiɗansa, mai jan murya da lanƙwasa ta. Wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar kaɗe-kaɗe a Afirka, ya fitar da littafi a 1999 mai suna Africa and the Blues. A ciki ya kafa hujja cewa yawancin siffofin buluz sun fi kama da waƙoƙin yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Najeriya zuwa arewacin Kamaru, ƙasar goge da garaya da molo, fiye da kiɗan gangunan bakin teku. A tsakiyar wannan yanki muke zaune da ni da ku.

Na uku: kunnen da ya juya gabas

Tun a Detroit Yusuf ya fara zaman ɗakin karatu na birnin yana bincike a kan kaɗe-kaɗen wasu al'ummu. Da ya fara fitar da faya-fayai da sunansa a 1957, sai aka ji abin da ba a saba ji a jaz ba: kayan busa na Larabawa da na Indiya, da kare-karen da ba na Turawa ba. A watan Satumba na 1961 ya ɗauki faifan da ya fi kowanne fito da shi, Eastern Sounds. Waƙar farko a ciki da wani ɗan abin busa na yumɓu na ƙasar Sin ya yi ta, abin da bai fi dunƙulen hannu ba, muryoyinsa 'yan kaɗan ne. Da waɗannan 'yan muryoyi ya gina waƙa ta kusan minti biyar, mai saurare bai gaji ba.

Ya kuma shahara da busa obo, wanda kafin shi da wuya a ji shi a jaz. A nan nake so mutanen Borno su buɗe kunne, domin obo ɗan'uwan algaita ne. Dukansu da tagwayen harshe ake busa su, 'yan siraran ɓawo biyu da ke karkarwa in iska ta ratsa tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita ranar hawan Salla a ƙofar fadar Shehun Borno ya ga abin da zan faɗa. Mabushin zai zura harshen algaitar gaba ɗaya cikin bakinsa, leɓɓansa su tokare da ɗan faifan da ke wuyanta. Kumatunsa su cika tim. Yana matso iskar da ke cikin kumatun zuwa cikin algaita, a daidai wannan lokaci yana jan sabuwa ta hanci. Sautin ba ya yankewa, doki ya wuce, wani ya wuce, shi yana nan a kan numfashi kamar guda. Mabusan jaz suna shafe watanni suna koyon wannan dabara ta numfashi, ana yaba wa wanda ya iya ta. A wurinmu yaron gidan mabusa yana tasowa da ita, mu kuma mu wuce shi ko waiwaye babu.

Afirka ma ta daɗe tana kiransa. A 1960, shekarar da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka sami 'yanci, ya yi busa a faifan Uhuru Afrika na mai fiyano Randy Weston. Ya yi aiki da Babatunde Olatunji, makaɗin Najeriya mazaunin New York. A 1962 yana cikin waɗanda suka yi faifan The African Beat tare da Art Blakey da Solomon Ilori.  Sai dai duk wannan Afirka ce da ake ji daga nesa, yawancinta kuma ta gangunan Yarabawa ce. Arewa ba ta shigo ba tukuna.

Na huɗu: shekara huɗu a Zariya

Daga Agustan 1981 zuwa Agustan 1985 Yusuf Latif ya riƙe muƙamin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da ya sa a gaba shi ne sarewa.

Mu tsaya a kan sarewar nan kaɗan, domin mun raina ta saboda arharta. Kara ne ko gora, an huda masa 'yan ramuka, galibi huɗu. Ba ta da harshe irin na algaita, ba ta da wani murfi da zai taimaki mai busa. A gefen bakin karan ake hura iska, a karkace, kuma wanda bai iya ba zai yi ta hurawa har kansa ya yi jiri bai fitar da komai ba sai huci. To ta yaya rami huɗu ke ba da muryoyi masu yawa haka? Gwani yana rufe rabin rami ya sami muryar da ke tsakanin biyu. Yana ƙara ƙarfin iska murya ta haura sama ba tare da ya motsa yatsa ba. Wani ma yana gunji a maƙogwaro yana busa a lokaci guda, ka ji kamar mutum biyu ne. In an girbe shinkafa a fadamar Jere shanu suka shigo kiwo, wanda ya yi sa'a yakan ji wannan da yamma. Ilimi ne cikakke, na iska da yatsa da kunne, sai dai ba a takarda yake ba. A ƙirjin mai shi yake, in ya mutu bai koyar ba an binne shi tare da shi.

Mutumin da ya gina waƙa da ɗan abin busa na yumɓu shekara ashirin kafin nan ya san darajar abu mai rami kaɗan. Shi ya sa bai zo da niyyar koya wa Fulani busa ba, zama ya yi ya saurara, ya tambaya, ya rubuta. Ku auna abin: dakta, mai faya-fayai da dama, mai furfura, yana ɗaukar karatu a wurin makiyayi. Mu nawa ne a ɗakin nan, cikin masu takardar digiri, za mu iya wannan zama?

Zaman ya bar abin da za a iya taɓawa. A watan Yulin 1983 ya ɗauki faifai a Legas tare da makaɗan Najeriya, aka fitar da shi a 1985 da suna In Nigeria. Shi da abokin aikinsa a cibiyar, Ziky Kofoworola, sun rubuta littafi a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausawa, Hausa Performing Arts and Music, wanda sashen al'adu na gwamnatin tarayya ya buga a 1987. Har yau masu bincike a kan kiɗan Hausa suna komawa gare shi.

Kada wani ya fita daga nan da zaton cewa sai baƙi ne suka kula. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na dakta a kan Shata tun 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe rayuwarsa yana tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata a 2006. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Amma ku lura, yawancin ƙoƙarinmu a kan mawaƙi yake, a kan baiti da ma'anarsa. Mai kalangun da ke bayansa fa? Mai algaita, mai sarewa, mai kukuma, wanda hikimarsa ba ta da kalmomi? Nan ne giɓin yake, kuma nan ne Yusuf ya sa hannu, domin shi mabushi ne, ya san abin da yatsa ke yi.

Bayan ya koma Amurka ya koyar a Jami'ar Massachusetts. Faifansa na 1987, Yusef Lateef's Little Symphony, wanda shi kaɗai ya kaɗa duk kayan da ke ciki, ya ci kyautar Grammy. A 1992 ya kafa kamfanin faya-fayai na kansa. A 2010 hukumar fasaha ta ƙasar Amurka ta ba shi lambarta mafi girma ta jaz. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 2013, yana da shekara 93.

Na biyar: martabar mai sana'a

Me ya sa yaron da ya gaji algaita yake ɓoye ta in ya shiga makaranta? Me ya sa ake jinkirin ba ɗan makaɗa aure a wasu gidaje? Mun san amsar. An haɗa kiɗa da roƙo, an haɗa shi da shashanci, an kuma ajiye makaɗi a ƙasan jerin masu sana'a.

Ba mu kaɗai muka yi wannan ba. A ƙasar Folan, a farkon shekarun 1950, gwamnatin gurguzu ta ɗauki jaz a matsayin lalatar Amurka, sai a ɓoye ake yin sa a gidaje. Akwai wani matashin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, haifaffen birnin Poznań a 1931, mai suna Krzysztof Trzciński, gwanin fiyano. Don kada kiɗa ya ɓata masa suna a asibiti sai ya laƙaba wa kansa Komeda. Da aka sassauta, ya fito fili a bikin jaz na garin Sopot a 1956, ya bar aikin likita, ya tsara kiɗan fina-finai da dama, ya kuma ɗauki faifan Astigmatic a 1965, wanda ake lissafawa cikin manyan ayyukan jaz na Turai. Ya rasu a 1969 bai cika shekara 38 ba. Yau mutanen Folan da sunan ɓuyan nan suke alfahari.

Jaz a Amurka ma a gidajen giya ya girma, kuma wannan ya dami Yusuf ƙwarai, har sunan jaz ɗin kansa ba ya so a jingina masa. Daga wajajen 1980 ya daina busa a duk inda ake sayar da barasa, alhali a nan ne kuɗin sana'ar yake. Ya zaɓi zauren taro da aji. A ganina wannan shi ne babban abin da ya yi, ya fi kyautar Grammy. Ya raba fasahar da ƙazantar da aka lulluɓe ta da ita, ya riƙe ɗaya ya yar da ɗaya, ya kuma biya farashin hakan daga aljihunsa. Matashin da Allah ya ba kunne da yatsa a Jere yana da wannan zaɓi a gabansa.

Na shida: mu a nan Jere

Tun 2009 rikici ya tarwatsa ƙauyukan Borno. Mutane sun baro gonakinsu sun cika Maiduguri da Jere, wasu sun yi shekaru a sansanoni irin na Muna. Bukukuwan da ake kiɗa a cikinsu sun tsaya a wurare da yawa, kuma inda babu biki yaro ba ya ganin abin da zai koya. Cikin waɗanda suka yi gudun hijira akwai masu ganga da algaita na Barebari, akwai mawaƙan Larabawan Shuwa, akwai masu sarewa na Fulani, akwai masu goge da kukuma na Hausawa. Da yawansu sun tsufa. Sannan a Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gidaje a Maiduguri da Jere, duk mun ga yadda takarda da hoto da kaset ke lalacewa cikin dare ɗaya.

Ba daga tushe za mu fara ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka fara aikin taskace kaɗe-kaɗen Borno a Jami'ar Maiduguri tare da masana daga Jamus, kuma jami'ar nan kusa da mu take. Abin da ya rage namu ne, mu da muka san ƙofar gidajen mutanen nan.

Kusan kowane matashi a nan yana da waya mai ɗaukar murya da hoto. Je wurin tsohon mabushin unguwarku, da izininsa, da ɗan abin goro a hannunka, domin lokacinsa ka ci. Kada ka tsaya a ɗaukar busar kawai. Tambaye shi wa ya koya masa, shi ma wancan wa ya koya masa. Tambaye shi sunan kowane take, na wane ne, a wane lokaci ake yin sa. Ka sa ya nuna maka yadda ake zaɓen kara, da me ake huda shi, ta yaya ake auna tazarar ramukan. Ka matso da wayar kusa da yatsunsa. Ka rubuta rana da gari da sunansa cikakke. Sannan kada ka bar abin a waya ɗaya, waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. A kai kwafi jami'a, a kai gidan rediyo, a bar wa iyalinsa nasu. Malaman makarantun sakandare za su iya mai da wannan aikin hutu ga ɗalibai, iyayenmu lawanai da bulamai kuma su ne suka san wanda ya rage a kowace unguwa, da bakinsu tsoho zai yarda ya buɗe wa yaro abin da ya sani. Iyayenmu mata, waƙoƙin daka da na reno da kiɗan ƙwarya da shantu a hannunku suke, namiji ba zai shiga ya ɗauko su ba, sai 'ya'yanku mata.

A nan zan dakata.  Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, fili nasa ne. In kuma akwai wanda ya gaji busa ko kiɗa a cikinmu, ina roƙon shugaban zama ya fara ba shi dama.